Burauzar da ke Hannunka: Wa ke Toshe Ɓarakarta?

A tsakiyar watan Janairun 2010, hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus, wadda ake kira BSI, ta fitar da wata sanarwa da ba a saba jin irinta daga bakin gwamnati ba. Ta shawarci jama'ar ƙasar su jingine Internet Explorer, su nemi wata burauzar su riƙa shiga intanet da ita har sai kamfanin Microsoft ya yi gyara. Ba a jima ba Faransa ta bi sahu. Kwanaki kaɗan kafin nan ne kamfanin Google ya fito ya shaida wa duniya cewa an yi masa kutse daga ƙasar Sin, kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba, har da wasu manyan kamfanoni aƙalla 20. Da masana suka bi diddigi, sai suka tarar ɗaya daga cikin hanyoyin da maharan suka bi ita ce wata ɓaraka a cikin Internet Explorer. Ma'aikaci ya danna mahaɗin da aka turo masa, shafi ya buɗe, shi ke nan. Bai sauke komai da saninsa ba, bai faɗa wa kowa kalmar sirrinsa ba, amma kwamfutarsa ta koma hannun wasu.

Internet Explorer a lokacin ba ƙaramar manhaja ba ce. A farkon shekarun 2000, cikin mutum 100 masu shiga intanet sama da 90 da ita suke shiga. Rashin kishiya ya sa Microsoft ya yi sake: daga zubi na 6 da ya fito a 2001, sai 2006 aka ga na 7. A wannan giɓin Firefox ta ɓullo a 2004, Chrome ta biyo baya a 2008, mutane suka yi ta zamewa, har aka yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

Na kawo wannan tarihi ne domin tambayar da ake yawan yi a zauren hira da shagunan gyaran waya, wato wace burauza ce ta fi, tambaya ce da ake ɗora ta a kan sauri da ƙarancin cin data da sauƙin sauke fim. Waɗannan duk abubuwan dubawa ne, ban raina su ba. Amma yanzu da burauzar nan ake cike fom ɗin neman aiki, ake biyan kuɗin makaranta, ake shigar da lambar NIN da BVN da lambar katin banki. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: idan aka gano ɓaraka a cikinta gobe, wa zai toshe, cikin kwana nawa, kuma gyaran zai iso wayata?

Sai an fahimci aikin burauza kafin a ga nauyin wannan tambaya. Duk shafin da ka buɗe, ba rubutu da hoto kawai yake aiko maka ba. Yana aiko da umarni, galibi cikin yaren JavaScript, wanda wayarka za ta aiwatar nan take. Wato a kowace rana kana bai wa ɗaruruwan mutanen da ba ka sani ba damar sarrafa wani ɓangare na na'urarka. Aikin burauza shi ne ta killace wannan umarni, ta hana shi tsallakawa zuwa hotunanka da saƙonninka, ta kuma hana wannan shafi leƙa abin da ke cikin wancan. Manhajar da ke ɗauke da wannan nauyi an gina ta da miliyoyin layukan umarni, kuma babu wanda ya taɓa rubuta abu mai wannan girma ba tare da kuskure ba.

Abin da ya faru a Satumbar 2023 ya isa misali. Masu bincike na Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada sun gano manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayar wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula a birnin Washington. Binciken da ya biyo baya, tare da ma'aikatan tsaron Apple, ya kai ga wani ɗan guntun tsari da ke buɗe hotuna samfurin WebP. Idan aka ƙera hoto ta wata siga ta musamman, buɗe shi kawai ya isa ya bai wa mahari hanyar shiga. Wannan guntun tsarin yana cikin Chrome, yana cikin Firefox da Edge da Brave, da wasu manhajojin da ba ma burauza ba ne. Ba za a ce wata ta tsira saboda sunanta ba. Bambancin da aka gani shi ne, manyan sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki, wanda ya sabunta tasa ya kuɓuta, wanda bai sabunta ba ya ci gaba da yawo da ɓarakar da yanzu duniya duka ta san inda take. Wannan batu na ƙarshe shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Ranar da aka fitar da gyara, ranar ce masu kutse ke zama su kwatanta tsohon zubi da sabo, su gane ainihin inda matsalar take, sannan su fita farautar waɗanda suka yi jinkiri.

Shi ya sa Chrome da Firefox suke fitar da sabbin zubi a kai a kai, 'yan makonni tsakani, kuma tun 2023 Chrome ke fitar da gyaran tsaro kusan kowane mako. Burauza kamar ginin ƙasa take: komai ƙwarewar maginin, idan aka daina yi masa yaɓe damina biyu zuwa uku, ruwa zai samu hanya.

A nan ne maganar ta taɓa mu kai tsaye. Mu masu tsimin data ne, kuma da dalili, domin da guminmu muke sayenta. Abu na farko da mutane da yawa ke yi da sun sayi waya shi ne kashe sabuntawar kai-tsaye a Play Store. Wasu ma ba su taɓa buɗe Play Store ɗin ba. Ka tsaya a bakin teburin masu tura manhajoji a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko makamanciyarta a kowane gari, ka ga yadda abin ke gudana. Dattijo ya fito da sabuwar waya daga kwali ya miƙa wa yaro. Yaron ya jona ta da tasa ta Xender, yana dannawa yana tambaya, “Alhaji, a haɗa maka da Opera da UC ko?” Alhajin ya ce, “Sa min duk abin da ake sawa, yarona.” Cikin 'yan mintoci an cika masa waya, ya biya, ya tafi yana godiya. Yaron ba mugu ba ne, sana'arsa yake yi. Amma fayil ɗin da ya tura, shi ma wani ne ya tura masa, wancan kuma daga wani shafi ya sauko da shi watanni ko shekaru da suka wuce. Ba wanda zai iya rantsewa cewa ba a cusa wani abu a ciki ba a hanya, kuma ko da lafiyayye ne, tsohon zubi ne da zai iya shekara a wayar bai ga gyara ko ɗaya ba.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ciwo saboda ba sakaci ne ya jawo ta ba, talauci ne. Kamfanonin nan suna yanke wa tsofaffin na'urori tallafi. Chrome mai lamba 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe ga Windows 7 da 8.1. Windows 7 ɗin kanta tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya daina yi mata gyara, Windows 10 kuma wa'adinta na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. A ɓangaren waya, a ƙarshen 2023 Chrome ta bar Android 7 a baya, a 2025 kuma ta bar Android 8 da 9. Wayar ba za ta mutu ba, Chrome ɗin ma za ta ci gaba da buɗewa tamkar babu abin da ya faru, kuma wannan shi ne haɗarin: babu wata alama da za ta tayar wa mai ita da hankali. Irin waɗannan wayoyi da kwamfutoci ne suka cika hannun ɗalibai da 'yan kasuwa da ƙananan ofisoshi a wurinmu, da yawansu tokumbo aka sayo su. Wanda ke cikin wannan hali, shi ne ya fi kowa buƙatar sauya burauza. Firefox ta ci gaba da karɓar Android 8 da 9 bayan Chrome ta janye, kuma Mozilla, gidauniyar da ke bayanta, ta yi ta ƙara wa'adin wani zubi nata mai lamba 115 domin masu Windows 7. Wannan sassauci ne na wucin gadi, ba madawwamin mafita ba, amma ya fi zama da wadda aka riga aka sallama.

Idan ka rubuta kalmar burauza a Play Store, za ka ga sunaye ba iyaka, kowace tana alkawarin sauri da sirri. Yawan sunayen yana ruɗarwa. Injinan da ke ƙarƙashinsu, masu ainihin aikin karanta shafi, uku ne kacal suka rage da ƙarfinsu: Blink na Chromium, wanda Google ke jagoranta, da WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Opera ta bar injinta ta koma Chromium a 2013, Edge ta yi haka a 2020, Brave da Vivaldi da Samsung Internet ma a kansa aka gina su. A iPhone kuwa, a wajen ƙasashen Tarayyar Turai da dokarsu ta tilasta buɗe ƙofa a 2024, kusan ko'ina duk burauzar da ka sauke WebKit ne ke jan ta, ko sunanta Chrome ko Firefox. Ma'anar haka ita ce, idan aka samu ɓaraka a Chromium, ta shafi duk 'ya'yansa, kuma kowane kamfani sai ya ɗauko gyaran ya haɗa a tasa manhajar. Manya suna yin haka cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Wata ƙaramar burauzar da mutum biyu ko uku suka haɗa domin cin kuɗin talla tana iya wata shida ba ta motsa ba. Kafin ka sauke kowace, ka gangara ƙasan shafinta ka duba ranar da aka sabunta ta na ƙarshe da sunan kamfanin da ya yi ta. Wannan ɗan dubawa ya fi dubban taurarin yabon da aka jera mata amfani.

Biyu daga cikin sunayen nan suna buƙatar dogon bayani, saboda matsayinsu a wurinmu.

Opera Mini ta yi wa Afirka hidimar da ba za a manta ba. Kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya fito da ita a tsakiyar shekarun 2000, lokacin wayoyin Nokia masu maɓalli, kuma mutane da yawa a ƙasar Hausa da ita suka fara ganin intanet a tafin hannunsu. Dabararta ita ce, ba wayarka ce ke zuwa ɗauko shafi ba. Wayarka tana aika buƙata zuwa manyan kwamfutocin Opera, su ne suke buɗe shafin, su matse shi, su aiko maka da shi ya ragu, wani lokacin har da kashi 90 cikin 100. Ga mai karanta labarai da sakamakon ƙwallo da 'yar data kaɗan, wannan alheri ne. Sai dai a yi tunani: kafin kwamfutar Opera ta matse shafi, dole ta iya karanta shi. Idan shafin mai ɓoyayyen saƙo ne, irin wanda adireshinsa ke farawa da https, to a matakin tsimi mafi tsanani ana warware ɓoyon a can wurinsu, sannan a sake ɓoye shi a turo maka. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, ya daɗe da bayyana cewa a wannan tsari babu ɓoyo na kai-tsaye tsakanin waya da shafin da aka ziyarta. Ba ina cewa ana satar bayanan kowa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, akwai mutum na uku a tsakani, kuma amanarka tana hannunsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. A 2016 aka sayar da sashen burauza na Opera ga wasu masu zuba jari na ƙasar Sin, ko da yake hedikwatar tana nan a Oslo. Ra'ayina a nan ba shi da wani kwana-kwana: a bar Opera Mini wa karatu, amma lambar kati da kalmar sirrin imel su bi ta burauzar da ke magana da shafi kai tsaye.

Labarin UC Browser daban ne. Kamfanin Alibaba ya saye ta a 2014, ta kuma yi farin jini saboda ƙwarewarta wajen sauke bidiyo ko da layi yana yankewa. A Mayun 2015 Citizen Lab ya fitar da rahoto cewa manhajar tana aika lambobin da ke bambanta waya da layin mutum, da bayanin inda yake, da abin da yake nema, wasu a fili ba ɓoyo, wasu da ɓoyon da ba shi da wuyar warwarewa. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne, takardun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa sun nuna cewa hukumomin leƙen asirin ƙasashen Yamma sun riga sun lura da wannan yoyo tun 2012. Kamfanin ya yi gyare-gyare daga baya. A Yunin 2020 Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajoji 58 na ƙasar Sin, kodayake wancan mataki akwai siyasar rikicin kan iyaka a cikinsa, bai kamata a ɗauke shi hujjar fasaha tsantsa ba. Rahoton 2015 kuwa hujja ce ta fasaha, kuma ni a wurina ya isa ya sa in ƙi ɗora mata abin da nake tsoron ya fita.

Wannan ya kawo mu ga batun kuɗi. Dukkan burauzojin nan kyauta ake saukewa, alhali gina su da kula da su yana cin dukiya mai yawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, ya fito fili cewa a 2022 kaɗai kamfanin ya biya Apple dala biliyan 20 domin injin bincikensa ya zama na farko a Safari, burauzar Apple, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. Mozilla ma, wadda ake ganin ita ce kishiyar Chrome, kaso mafi tsoka na kuɗin shigarta daga irin wannan yarjejeniya da Google yake fitowa. Brave tana toshe tallan wasu tana nuna nata ga wanda ya yarda, kuma a 2020 an kama ta tana maƙala lambar samun lada a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, har ta nemi afuwa ta daina. Babu waliyyi a wannan kasuwa, amma sanin ta inda kowa ke ci yana nuna maka ta inda zai iya yi maka sake.

Akwai abu biyu da ake haɗawa alhali ba ɗaya ba ne: kariya daga ɓarawo, da kariya daga mai bibiya. A na farko Chrome tana sahun gaba, wannan gaskiya ce ko da mutum ba ya son Google. Tun 2018 take killace kowane shafi a ɗakinsa daban a kan kwamfuta, tana da ƙwararru masu yawa, tana biyan masu gano mata kurakurai lada mai tsoka. A na biyu kuwa, kamfanin da ke rayuwa da talla ba zai yi gaggawar rufe hanyar bibiya ba. Safari ta toshe kukis ɗin 'yan bibiya, wato 'yan bayanan da ake ajiyewa a burauza don a riƙa gane mai ita daga shafi zuwa shafi, gaba ɗaya a 2020, Firefox ta fara toshe su tun 2019 ta kuma ƙara tsaurarawa a 2022, Google kuwa ya yi alkawarin kawar da su, ya yi ta ɗagawa, daga ƙarshe ya fasa. Wanda abin da ke gabansa shi ne kada a wawushe masa asusu, Chrome ko Edge ko Safari da ke samun sabuntawa sun wadatar da shi. Wanda kuma bai son a riƙa tara tarihin yawonsa, Firefox ko Brave sun fi dacewa da shi. Ɗan jarida ko mai fafutukar da ke tsoron sa ido na hukuma, nasa ya wuce wannan, Tor Browser aka yi domin irinsa, duk da jinkirinta.

Alamar kwaɗon nan da ke gefen adireshi ta yaudari mutane da yawa. Abin da take nufi kawai shi ne saƙon da ke tsakaninka da shafin a ɓoye yake tafiya. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Yanzu takardar shaidar da ke kawo kwaɗon kyauta ake samunta, saboda haka shafin bogi na rabon tallafi ko ɗaukar ma'aikata, irin wanda ake watsawa a WhatsApp, shi ma da kwaɗonsa yake zuwa. Binciken da Google ya yi a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka tambaya suka san ainihin ma'anar alamar, kuma a 2023 Chrome ta cire ta ta sa wata. Adireshin kansa za a karanta, harafi bayan harafi. Haka Incognito: tana hana wayar ajiye tarihi ne kawai, ba ta ɓoye ka ga kamfanin layinka ko mai shafin ba, ba ta kuma kare ka daga mugun shafi. A 2024 Google ya amince zai goge biliyoyin bayanai domin sasanta ƙarar da aka kai shi kan tattara bayanan masu amfani da ita.

Masu kwamfuta suna da wani tarkon na daban, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza domin ƙarin aiki. Da yawansu suna neman izinin karanta duk shafin da ka buɗe, kuma ana ba su ba tare da tunani ba. Wata mai suna The Great Suspender ta kai masu amfani wajen miliyan 2, mai ita ya sayar da ita ga wanda ba a sani ba, sabon mai ita ya cusa mata mugun umarni, sai a Fabrairun 2021 Google ya cire ta. Ko kamfanin Avast, wanda sana'arsa ita ce kariya, a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da tarihin yawon mutanen da ya ce yana karewa. Duk wadda ba ka tuna dalilin sa ta ba, cire ta. Guda ɗaya da zan tsaya wa ita ce mai toshe talla ta gaskiya irin uBlock Origin, domin talla kanta hanyar hari ce. Hukumar FBI ta Amurka ta ba da wannan shawara a Disambar 2022, bayan 'yan damfara sun riƙa sayen talla a injinan bincike suna shigar burtu da sunan manyan kamfanoni. Cikakkiyarta ta daina aiki a Chrome bayan sauyin dokokin Google, amma tana aiki a Firefox, har ma a ta waya.

To, ka yanke shawarar sauyawa. Lokacin ƙaurar nan shi ne mafi hatsari, domin a ranar ne za ka kwaso asirinka duka ka bi da shi ta fili.

Hatsarin yana farawa daga wurin saukewa. A waya, Play Store ko App Store kaɗai. A kwamfuta, ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, kada ka danna sakamakon farko da ke ɗauke da alamar talla. Kuma duk shafin da ya tare ka da sanarwar cewa burauzarka ta tsufa, danna nan ka sabunta, ƙarya ne. Burauza daga cikin saitinta take sabunta kanta ko daga shagon manhajoji, ba daga shafin wani ba.

Sai kalmomin sirri. Idan burauzojin biyu suna kan kwamfuta ɗaya, sabuwar takan yi tayin kwaso shafukan da ka adana, wani lokacin har da kalmomin sirri, kai tsaye. Idan hakan bai yiwu ba, tsohuwar za ta fitar maka da wani fayil mai ƙarewa da csv. Buɗe shi sau ɗaya ka gani da idonka. Layi-layi ne: ga adireshin shafi, ga sunan shigarka, ga kalmar sirrinka a rubuce ƙuru-ƙuru, ta imel, ta Facebook, ta shafin makaranta, babu ko harafi ɗaya da aka rufe. Duk wanda ya samu wannan fayil ya gama da kai. Kada ka tura wa kanka shi ta WhatsApp ko imel, kada ka ɗora shi a filashin da ke yawo hannu-hannu. Da zarar sabuwar burauzar ta karɓa, ka goge shi, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa. Tunda jerin yana gabanka, dama ce ta ganin sau nawa ka maimaita kalma ɗaya a wurare daban-daban. Fara canza ta imel, domin ta nan ake sake saita sauran duka, ka kuma kunna mata tabbaci na mataki biyu.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsohuwar. Mutum ya koma sabuwa, ya bar waccan da dukkan kalmominsa a ciki, kuma har yanzu tana shige cikin asusunsa. Manhajojin satar bayanai da ke zuwa cikin fasassun manhajoji da wasanni ba sa tambayar wacce kake amfani da ita yanzu, duk wadda suka tarar a na'urar suke kwashewa, har da kukis ɗin da ke ba su damar shiga asusu ba tare da kalmar sirri ba. Ka ba kanka mako guda ka tabbata komai yana tafiya, sannan ka fita daga asusunka a tsohuwar, ka goge kalmomin sirri da kukis, ka cire ta. Idan ka taɓa haɗa ta da asusun Google ko Microsoft, ka tuna kwafin kalmomin yana can a asusun. Idan da wayar ta zo ba ta ciruwa, ka dakatar da ita a saiti. Ka naɗa sabuwar a matsayin wadda za ta riƙa buɗe mahaɗai, in ba haka ba duk abin da ka danna tsohuwar zai koma. Kuma idan wani shafi ya nemi izinin turo maka sanarwa, ka ƙi. Yawancin saƙonnin nan masu firgitarwa da ke faɗowa cewa waya ta kamu da cuta, daga wannan izinin suke samo hanya.

Akwai burauzar da ba kai ka zaɓa ba, kuma kana amfani da ita kullum. Idan ka danna mahaɗi a cikin Facebook ko Instagram ko TikTok, galibi a cikin manhajar yake buɗewa. A Agustan 2022 wani mai bincike, Felix Krause, ya nuna cewa a iPhone waɗannan manhajoji suna cusa nasu umarnin cikin shafukan da aka buɗe ta cikinsu, kuma na TikTok yana iya lura da abin da ake bugawa. Kamfanin ya ce ba ya amfani da shi don haka. Idan shafi zai nemi kalmar sirri ko lambar kati, ka danna ɗigogin da ke sama ka mayar da shi burauzarka. Masu Android kuma su bar Android System WebView ya riƙa sabuntawa, domin da shi manhajoji da yawa suke buɗe shafuka a cikinsu.

Sai kuma kafe, wato shagon intanet. Lokacin rajistar jarrabawa ko neman aikin gwamnati, za ka ga matasa sun yi layi a bayan kwamfuta ɗaya, mai shagon yana bugawa suna karanto masa imel da kalmar sirri da babbar murya, akwatin tambayar ko a ajiye kalmar ya faɗo, ya danna amincewa don sauri, ya kira na gaba. A nan Incognito take da amfani na gaske, tunda da an rufe ta take zubar da kukis da tarihi. Ɗalibi yana da haƙƙin ya ce, “Yaya, don Allah buɗe min ta sirrin, ni zan buga fasuwod ɗin da kaina,” ya fita daga asusunsa kafin ya tashi, in ya koma gida ya canza kalmar a wayarsa. Masu shagunan su ma akwai nauyi a kansu. Dokar kare bayanai da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora alhaki a kan masu sarrafa bayanan jama'a, kuma kwamfutar da ɗaruruwan yara ke shigar da lambar NIN ɗinsu a kanta kowace kakar rajista ba ta dace da Windows 7 da Chrome mai lamba 109 ba. Idan kuɗin sabuwar na'ura bai samu ba, ana iya ɗora wa tsohuwar tsarin Linux irin Ubuntu ko Mint, kyauta ne, yana tafiya a kan kwamfutoci masu ƙaramin ƙarfi, kuma Firefox da Chrome na yanzu duk suna aiki a kansa.